Hiram Maxim: Rayuwar maƙerin bindigar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato da ita

A kasuwannin gwanjon kayan tarihi na Ingila da Amurka akwai wasu masu saye da ba ruwansu da zane ko gwal. Tsofaffin wasiƙu suke bi, musamman waɗanda maƙeran bindigogi suka rubuta da hannunsu, irin su Samuel Colt mai libarba, da Richard Gatling, da John Browning, da Hiram Maxim.

A wurin waɗannan masu saye, Maxim wani dattijon Bature ne mai farin gemu da basirar ƙira, wanda sa hannunsa ke ƙara wa takarda daraja.

A ƙasar Hausa ba kowa ya san sunansa ba, amma kakanninmu sun ga aikinsa. Bindigarsa na cikin makaman da Turawa suka zo da su bakin ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. Ita suka girka a Sakkwato bayan kwana 40, aka kuma sake jin ƙararta a Burmi da Satiru. Hausawa suka laƙaba mata suna bindiga mai ruwa.

Shi kuwa mai ita bai taɓa shiga soja ba. Ya ƙare rayuwarsa ne tsakanin maƙera, da ofis, da kotu, yana fafutukar a san cewa shi ne ya fara yin kaza da kaza.

Yaron da ya fara da tarkon ɓera

An haifi Hiram Stevens Maxim ranar 5 ga Fabrairun 1840 a kusa da ƙauyen Sangerville da ke jihar Maine, can arewa maso gabashin Amurka, yanki mai dazuzzuka da tsananin sanyi. Mahaifinsa, Isaac Maxim, manomi ne kuma masassaƙi, ba mai hali ba, amma mutum ne mai yawan tunanin injuna. Tun Hiram yana yaro yake jin uban yana zancen na'urar da za ta tashi sama da bindigar da za ta riƙa harbi ba tsayawa.

Karatun boko kaɗan ya samu. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ƙera keken doki. Daga nan ya yi ta sauya aiki: sassaƙa, fenti, aikin gidan niƙa, har ya ƙetara Kanada neman abin kai. Ƙaƙƙarfa ne, kuma har tsufansa yana alfahari da damben da ya yi yana saurayi.

A gidan niƙan ne ɓeraye suka dame shi, sai ya haɗa wani tarko na daban. Idan ɓera ya faɗa ciki, motsinsa ne zai sake ɗana tarkon don na bayansa, ba sai mutum ya zo ya taɓa ba. Mai karatu ya riƙe wannan dabara, domin ita ce za ta sake fitowa bayan kusan shekara 30 a cikin bindiga.

Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, samari sa'o'insa sun tafi fagen daga, shi bai je ba. A 1864 ya koma masana'antar kawunsa a garin Fitchburg, inda ya koyi aikin ƙarfe da zanen injuna, daga baya ya wuce Boston. A 1866 ya karɓi takardar mallakar fasaha ta farko, a kan wani ƙarfen nannaɗe gashin mata.

Kafin ya mutu, irin waɗannan takardu ya tara 122 a Amurka da 149 a Birtaniya. Cikin abubuwan da ya ƙera har da injin samar da gas na fitila, da na'urar da ke fesa ruwa da kanta idan gobara ta tashi.

Rigimar ƙwan lantarki

A 1878 Maxim ya zama babban injiniyan kamfanin United States Electric Lighting, ɗaya daga kamfanonin farko masu harkar wutar lantarki a Amurka. A lokacin ana tsere a kan wanda zai fara fito da ƙwan fitila mai daɗewa bai ƙone ba, babban abokin hamayyarsa kuma shi ne Thomas Edison.

Cikin ma'aikatansa akwai Lewis Latimer, baƙar fata ɗan bayin da suka gudu daga bauta, wanda ya inganta hanyar yin zaren gawayin da ke ba da haske a cikin ƙwan.

Duniya dai Edison ta sani da ƙwan lantarki, abin da ya tsaya wa Maxim a rai har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi ta nanata cewa ya riga Edison, an dai fi shi iya talla da sanin dokar mallakar fasaha ne.

A 1881 kamfanin ya tura shi babban baje kolin kayan lantarki a birnin Paris, inda gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girmamawa saboda wata na'urar daidaita ƙarfin wuta da ya ƙera. Daga wannan tafiya bai sake komawa Amurka da zama ba. Ya tare a Landan.

Shawarar da ta sauya masa hanya

Maxim da kansa ya ba da labarin cewa a 1882 ya haɗu da wani Ba'amurke a birnin Viyana, wanda ya ba shi shawarar ya bar wahalar da kansa da lantarki. Idan kuɗi yake so, in ji mutumin, ya ƙera abin da zai sauƙaƙa wa Turawa kashe junansu.

A zamanin akwai bindigogi masu saurin harbi, kamar ta Gatling da ta Nordenfelt, amma duk da hannu ake sarrafa su. Soja zai yi ta juya mariƙi kamar mai markaɗe. Idan ya firgita ya yi sauri fiye da kima, sai ta cije, sau da yawa a daidai lokacin da ake tsananin bukatarta.

Duk wanda ya taɓa harba bindiga ya san yadda take naushin kafaɗa. Sauran maƙera suna ɗaukar wannan naushi a matsayin matsala. Maxim ya ga ƙarfi ne da ke tafiya a banza, ya ce bari ya sa shi aiki.

Ya kama haya a gida mai lamba 57D a titin Hatton Garden da ke Landan, ya yi ta gwaji. A 1884 ya fito da bindigar da ke aiki kamar haka: idan harsashi ya fita, naushin zai tura bututun da makullinsa baya kaɗan. Wannan motsi zai zaro kwanson da ya ƙone ya yar, ya jawo sabon harsashi daga jigidar da aka jera su, sannan sifirin ya mayar da komai gaba, ta sake tashi. Muddin yatsa na kan kunama, kowane harsashi shi ke ɗana na bayansa, kamar dai ɓeran gidan niƙa.

Tana iya fitar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya. Irin wannan gudu yana sa ƙarfe ya yi ja, don haka ya kewaye bututun da wani gwangwani mai cin ruwa kusan lita huɗu. Idan aka daɗe ana harbi ruwan yakan tafasa har tururi ya tashi. Ita kanta bindigar ta kai kilo 27, ban da ruwa da ƙafafun da ake girka ta a kai, shi ya sa sai mutane da yawa suke ɗaukar ta.

Yadda ya tallata ta

Labari ya bazu a Landan, manya suka fara zuwa kallo, har da Yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, da Janar Wolseley, wanda ya jagoranci yaƙin Asante a 1874. A ƙarshen 1884 aka kafa kamfanin Maxim da kuɗin Albert Vickers, ɗan gidan masu masana'antar ƙarfe.

Maxim ya iya talla. Yakan sa a saita bindigar a gindin itace, a yi ta harbi har itacen ya faɗi. Ya zaga Turai yana nuna ta ga sarakuna da janar-janar, ciki har da Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu. Ya ba da labarin cewa da wani babban jami'in ƙasar Sin ya ji kuɗin harsashin da take ci a minti guda, sai ya nuna cewa saurinta ya fi ƙarfin aljihun ƙasarsa.

A 1888 kamfaninsa ya haɗe da na abokin gasarsa Nordenfelt, abin da ya sa shahararren dillalin makaman nan Basil Zaharoff ya koma sayar da bindigar da a da yake yaƙa. A 1897 Vickers suka saye kamfanin gaba ɗaya.

Manyan rundunonin Turai sun yi jinkirin rungumar ta. Janar-janar da yawa sun fi yarda da doki da banati, suna ganin za ta cinye harsashi a banza. Wurin da aka fara gwada ta a jikin mutane shi ne Afirka.

Hanyarta zuwa Afirka

Lokacin da Henry Morton Stanley ya shirya tafiyarsa ta ceto Emin Pasha, wadda ta ratsa dajin Kwango daga 1887, Maxim ya ba shi bindiga ɗaya kyauta don duniya ta ji sunanta. Wannan bindigar ce daga baya ta faɗa hannun wani matashin hafsa da ke yi wa kamfanin Birtaniya aiki a gabashin Afirka, ya yi amfani da ita a Buganda a 1892. Sunansa Frederick Lugard.

A 1893, a bakin kogin Shangani da ke Zimbabuwe ta yau, sojojin kamfanin Cecil Rhodes kimanin 700 da bindigogin Maxim biyar sun kashe mayaƙan Ndebele kusan 1,500, su kuwa mutum huɗu suka rasa.

Ranar 2 ga Satumban 1898, a Omdurman ta Sudan, rundunar Kitchener ta kashe Ansaru mabiya Mahadi sama da 10,000 da igwa da bindigogi da Maxim kafin rana ta take. A ɓangarenta ba a rasa mutum 50 ba.

Sarakunan Afirka ba su da hanyar mallakar irinta a sauƙaƙe. A 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, da sunan yaƙi da cinikin bayi. Aka bar mutane da bindigar toka, da kwari da baka, da mashi, da takobi, sai 'yan bindigogin zamani da ake samu ta bayan fage.

Bida, Kano, Sakkwato, Burmi

A Janairun 1897 sojojin kamfanin Royal Niger na George Goldie, kimanin 500, suka tunkari Bida da igwa da Maxim shida. Dubban mahayan Nufawa suka yi ta kai hari, amma sun kasa isa ga sahun. A watan da ya biyo baya Ilori ma ta faɗi.

Dabarar Turawa ɗaya ce a kusan ko'ina. Sojoji za su tsaya sahu mai kusurwa huɗu, kowa ya fuskanci waje, a girka Maxim a kusurwoyi. Ƙarfin rundunonin daular Usmaniyya kuwa yana ga dawaki, su taho a guje su fasa sahun abokan gaba. Sulke da lifidin da ke tare kibiya ba sa tare harsashi, kuma doki ba ya iya ratsa filin da ake zuba wa harsashi goma a daƙiƙa guda.

Wani abin lura shi ne, Turawan da ke cikin waɗannan rundunoni 'yan kaɗan ne. Yawancin sojojin Hausawa ne da Yarabawa da aka ɗauka aiki, kuma 'yan ƙasa ne ke ɗaukar bindigar da akwatunan harsashinta a ka.

Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji sama da 700, da igwa huɗu da Maxim huɗu. Sarkin Kano Alu yana Sakkwato a lokacin. Igwa ce ta fasa Ƙofar Kabuga bayan an gaza a Dukawuya, sojoji suka kutsa. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya yi yaƙi har aka kashe shi a gidan sarki. Turawa sun ƙiyasta cewa Kanawa kusan 300 suka mutu a ranar.

Ranar 15 ga Maris aka yi karon Sakkwato a filin Giginya, a wajen ganuwa. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda bai fi wata biyar a kan gado ba, ya fito da jama'arsa. Yaƙin bai daɗe ba. Wasu tsiraru suka tsaya a gindin tuta suka ƙi gudu, har aka kashe su a wurin.

Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. Ranar 27 ga Yulin 1903 Turawa suka cim masa a Burmi, a ƙasar Gombe ta yau. An kashe shi tare da mutane sama da 600, kwamandan Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, inda zuriyarsu take har yau a garin Mai Wurno, a bakin kogin Nilu.

Ba bindiga kaɗai ta kawo faɗuwar daular ba. Akwai raunin da yaƙin basasar Kano ya bari, da saɓanin shawara tsakanin masu cewa a yi yaƙi, da masu cewa a yi hijira, da masu cewa a yi sulhu, ga kuma kowace masarauta ta fuskanci Turawa ita kaɗai. Amma Maxim ce ta sa mutum ɗari bakwai suke iya tsayawa gaban dubbai a fili.

Satiru ta nuna iyakarta. Ranar 14 ga Fabrairun 1906, talakawan wannan ƙauye na kusa da Sakkwato, da gatura da fartanyu da kibau, suka auka wa wata rundunar sojan doki kafin ta gama shiri. Ba a kai ga girka Maxim ɗin ba. Suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka kuma ƙwace bindigar. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da babbar runduna, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka shafe garin.

Jirgin sama da rigingimun gida

Yayin da bindigar ke zaga duniya, hankalin mai ita ya koma kan ɗaya burin mahaifinsa, wato tashi sama. A Baldwyn's Park da ke yankin Kent ya ƙera wani ƙaton jirgi mai nauyin tan uku da rabi, da injunan tururi biyu, ya ɗora shi a kan dogo, ya kuma yi masa wani katako ta sama don kada ya tashi ya wuce kima.

Ranar 31 ga Yulin 1894 jirgin ya ɗaga daga dogon da mutum uku a ciki, ya karya katakon da ke riƙe da shi, ya faɗi ya lalace. Shekara tara ke nan kafin 'yan'uwan nan biyu, Wright, su tashi da nasu. Na Maxim ba shi da hanyar sarrafawa a sama, don haka bai kai ko'ina ba. Abin da ya rage na wannan buri shi ne wani lilon wasa mai siffar jirage da ya ƙera a 1904, wanda har yau ake hawa a wurin shaƙatawa na Blackpool.

Ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, a 1901 kuma Sarki Edward ya ba shi sarautar Sir.

A gida kuwa babu kwanciyar hankali. Ya bar matarsa ta farko, Jane Budden, da 'ya'yansu a Amurka, ya zauna da sakatariyarsa Sarah Haynes, wadda ya aura. A 1898 wata mata mai suna Helen Leighton ta kai shi kotu a jihar New York tana cewa ita ma matarsa ce, abin da dokar ƙasar ta haramta. Shari'ar ba ta kama shi ba, amma ya ɗora laifin tayar da ita a kan ƙanensa Hudson.

Hudson Maxim shi ma maƙeri ne, masanin albarushi. Rigimarsu ta samo asali ne daga gardamar wanda ya fara haɗa albarushi marar hayaƙi a cikinsu, kuma ba su shirya ba har mutuwa ta raba. A kan albarushin ne kuma kamfanin Maxim ya kai hukumomin Birtaniya ƙara cewa sun kwaikwayi fasaharsa, ya sha kaye.

Yawan gwajin bindiga ya kurmantar da shi. Ɗansa Hiram Percy Maxim, wanda uban ya bari a Amurka, shi ne ya ƙirƙiro na'urar rage ƙarar bindiga, ya karɓi takardar mallakarta a 1909.

Maganin tari da ƙarshen rayuwa

Da tsufa ya zo, ciwon ƙirji da tari suka matsa masa. Sai ya ƙera wani ɗan bututun gilashi na shaƙar tururin magani, ya sa shi kasuwa. Abokansa suka yi masa ca, suna cewa ya zubar da girmansa, ya koma mai tallan maganin bakin titi.

A littafin tarihin rayuwarsa, My Life, wanda ya fito a 1915, ya mayar musu da martani cikin ba'a. Ya nuna mamakin yadda mutane ke ɗaukar ƙera injin kisa abin yabo, amma ƙera abin rage wa mutum wahala ya zama abin kunya. Ke nan ya san sarai abin da ya ƙera. Duk da haka, da alfahari yake ba da labarin bindigar a littafin.

Ya ajiye muƙaminsa na darakta a kamfanin a 1911, aka kuma cire sunansa daga sunan kamfanin. Bayan shekara uku Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, shawarar Viyana ta tabbata. Jamus tana da nata samfurin Maxim, MG 08. Rasha tana da nata na 1910. Birtaniya tana da Vickers, wadda aka inganta daga tasa. Abin da aka yi shekara 20 ana yi wa 'yan Afirka ya dawo kan 'ya'yan Turai.

Ranar 1 ga Yulin 1916, ranar farko ta yaƙin Somme a Faransa, sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu, da yawansu a gaban bindigogin Jamus masu aiki da dabararsa. An tsayar da wannan yaƙi ranar 18 ga Nuwamba. Bayan kwana shida, ranar 24 ga Nuwamban 1916, Maxim ya mutu a gidansa da ke Streatham a kudancin Landan, yana da shekara 76. An binne shi a maƙabartar West Norwood.

Me masu tara wasiƙu ke nema?

A wannan kasuwa takardu hawa-hawa ne. Mafi daraja ita ce wadda mutum ya rubuta da hannunsa tun daga farko har sa hannu. Sai wadda sakatare ya rubuta ko aka buga da tafireta, shi ya sa hannu kawai. Ta ƙasa ita ce guntun sa hannun da aka yanko daga wata takarda.

Abin da wasiƙar ta ƙunsa shi ke yanke farashi. Wadda maƙeri ya yi bayanin makaminsa a ciki, ko ya yi ɗan zane a gefe, ta fi ta godiyar gayyatar cin abinci nesa ba kusa ba. Saboda masu jabu, ƙwararru kan ɗaga takarda ga haske su duba tambarin masana'antar da ke ɓoye a jikinta, su duba yadda tawada ta tsufa, su gwada rubutun da wanda aka tabbatar, su kuma bi sawun hannayen da takardar ta ratsa.

Manyan tarin takardun ba sa kasuwa. Na kamfanin Vickers suna ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge, na Hudson Maxim da yawa suna gidan tarihi na Hagley a Amurka, na Lugard kuma suna Oxford.

Abin da ke jan mutane ga irin waɗannan wasiƙu shi ne son jin abin da maƙerin makami ke faɗa wa kansa. Gatling, wanda ya karanci aikin likita, ya rubuta a wata wasiƙa ta 1877 cewa ya yi tasa bindigar ne don mutum ɗaya ya yi aikin ɗari, a rage yawan sojojin da ake kai wa yaƙi suna mutuwa. Mikhail Kalashnikov, mai AK-47, ya aika wa shugaban cocin Rasha wasiƙa kafin mutuwarsa a 2013, yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa. Abin da ya fi cin ran Maxim a rubuce-rubucensa kuwa shi ne Edison, da Hudson, da duk wanda yake ganin ya ci masa haƙƙin fasaha.

Wasiƙun ɗaya ɓangaren

Mutanen da aka auna da bindigar su ma sun bar wasiƙu. Da Turawa suka shiga Sakkwato sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakuna suka riƙa aikowa suna ba da labarin matsowar Nasara, suna neman shawara. Wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fassara su aka buga a 1927. Waziri Buhari da kansa ya rubuta risala yana bayyana wa malamai dalilin da ya sa ya zauna ya yi sulhu maimakon hijira.

Akwai kuma wasiƙar da ta fi kowace nauyi. Lugard ya ce a watan Mayun 1902 ya samu takarda daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ya ɗauka a matsayin shelar yaƙi, ya kuma kafa hujja da ita a gaban gwamnatinsa. Masana tarihi, ciki har da D. J. M. Muffett wanda ya yi aikin mulki a Arewa, sun yi tababa a kanta, domin fassarar Turanci ce ke yawo, ba a ga asalin ta Larabcin ba. Da takardar hannun tana nan, da an duba hatimi da rubutu an kashe gardama.

A bangon gidan Hatton Garden akwai allo mai launin shuɗi da ke sanar da masu wucewa cewa a nan Maxim ya ƙera bindigarsa. Takardun namu ɓangaren wasu suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, wasu suna cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wasu kuma suna nan a gafakoki da adakoki a gidajen sarauta da na malamai, inda gara da ruwan damina ba sa jiran a zo a ɗauki hotonsu.